Jawabi A Kan Hoton Siti Sikan

Wannan jawabi ne da aka shirya domin malaman azuzuwan yaƙi da jahilci su karanta wa ɗalibansu.

A manyan asibitoci akwai wata na'ura mai kama da ƙaton zobe, ana kwantar da mara lafiya a tura shi cikinta. Ita ce siti sikan. Wani Bature mai suna Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta a Ingila, aka fara gwada ta a kan mara lafiya a 1971. Tana nuna jinin da ya taru a ƙwaƙwalwa bayan haɗarin mota ko na babur, abin da hoton ƙirji irin na da ba ya nunawa. Ta ceci rayuka da dama.

To amma tana aiki ne da wani haske mai ratsa jiki, wanda ido ba ya gani. Siti sikan ɗaya na ƙirji ya kai kimanin hoton ƙirji 70. Idan ana yawan maimaitawa, haɗarin kamuwa da ciwon daji yana ƙaruwa bayan shekaru. Haɗarin kaɗan ne, sai dai ya fi yawa ga yara, domin jikinsu yana cikin girma.

Kuskure ma yana faruwa. A 2009 an gano cewa a asibitin Cedars-Sinai da ke Los Anjalis a Amurka, mutum 206 sun sha hasken da ya kai ninki 8 na ƙa'ida wajen hoton kai. Wata 18 ana haka, saboda an saita na'urar ba daidai ba. Ba a farga ba sai da wani mara lafiya ya kai ƙorafin gashinsa yana zuba. Babban asibiti ke nan fa, a ƙasa mai arziki.

Don haka mara lafiya yana da nasa aikin. Wanda aka yi wa hoton ya adana shi da takardar sakamako, kada a bar su a ƙasan katifa gara ta cinye. In ya canja asibiti ya tafi da su, don kada a sake yin abin da aka riga aka yi, ga asarar kuɗi. Mace mai ciki, ko wadda take zato, ta faɗa tun kafin ta hau gadon. Uba ya tambaya ko sikanin irin na masu ciki zai wadatar wa ɗansa, domin shi ba ya amfani da wannan haske. Wasu kuma sukan matsa wa likita sai an yi musu siti sikan don ciwon kai na kwana biyu. Wannan ba dabara ba ce. Amma idan likita ya ce a yi bayan haɗari, kada a tsaya jayayya.

Wanda ya ga fatarsa ta yi ja ko gashinsa yana zuba makonni kaɗan bayan hoto, ya koma asibitin da takardunsa. A Nijeriya akwai hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa. Ita ke ba da lasisin irin waɗannan na'urori.