Kwakwar Attagara da 'Yan'uwanta na Gida



Kowanenmu ya san kwakwa a faifan mai talla, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin uwarta da 'ya'ya a ƙasar Dutsin-Ma ko Kurfi. Dalilin haka shi ne abin da za mu duba yau.

Sunanta ma ya nuna baƙuwa ce. Kakanninmu sun ce mata kwakwar Attagara, watau wadda ke fitowa ta wajen Idah, garin Attah na Igala a bakin Kwara. Amma can ma zango ta yi. Binciken ƙwayoyin gado da masana suka buga a 2011 ya nuna gida biyu aka fara nomanta: tsibiran kudu maso gabashin Asiya, da kuma kudancin Indiya da tsibiran da ke kusa da shi. Irin Indiya ne Turawan Fotugal suka kawo gaɓar Afirka ta Yamma bayan Vasco da Gama ya isa Indiya a 1498. A 1876 kuwa 'yan mishan na Katolika suka kafa gandunta a Topo, kusa da Badagry.

Halittarta duk ta bakin teku ce. Ɓawon nan mai zare shi ke sa ta yi iyo bisa ruwan gishiri, ƙoƙon ya tsare cikinta. Daga idanunta uku ɗaya ne mai taushi, ta nan tsiro ke fita, ruwa da naman da muke sha'awa kuwa guzurinsa ne. Uwar ba ta da babbar saiwa mai nutsewa, sai dubban ƙanana. Kusan kowane wata takan fid da sabon fure, ɗan kuma sai ya shekara kafin ya ƙosa. Saboda haka tana bukatar ruwan sama kamar milimita 1,500 a shekara, a rarrabe, da iska mai laima. Mu kuwa ruwanmu bai cika kai 1,000 ba, cikin wata huɗu ko biyar yake zuba, sa'an nan hunturu ya biyo. Ko an shayar da ita daga madatsar Zobe, wa zai jiƙa mata iska?

To, Allah bai bar mu haka ba. Giginya da goruba danginta ne, su kuwa sun saba da ranin nan. Giginya ta ba mu azarar da gara ba ta cika ci ba, ta ba mu muruci. Goruba ta ba mu kabar tabarma da igiya. Sai dai giginya ta bambanta da kwakwa: kwakwa na ɗauke da furen namiji da na mace a jiki guda, giginya kuwa akwai namiji akwai mace, kuma takan yi shekaru masu yawa kafin ta haihu. Mai gatari kuwa wuni guda ya ishe shi. Idan aka sare manya don azara, aka tone ƙanana don muruci, ina magada?

'Yan'uwa, gobe wasunmu ne malaman gona da na daji. Kafin mu sa hannu a takardar odar irin waje, mu fara ƙidaya giginyar da ta saura a fadamunmu, mu sa a bar wani kaso na ƙwallon ya girma. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha ta. Na nesan nan jikokinmu ne.