Jawabi ga manoma: ƙwaron wake da hanyar kashe shi ba da guba ba



Yau zancenmu bisa ƙwaron wake ne. Daga Mirriya har Magariya da Matamai kuka ɗaya ake yi: an zuba wake lafiya lau da kaka, kafin bazara ya huje, ya koma gari. In an kai shi kasuwar Dole, mai saye ya damƙa, ya ga ramu, ya karya kuɗin.

Mutane da yawa suna cewa wake ne ke haifar ƙwaro da kansa. Ba haka ba ne. Tun a gona uwar ke ɗora ƙwanta bisa kwanson wake. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda ƙwaya, ta zauna ciki tana ci, ido bai ganinta. Wajen sati 4 ta fito ta zama ƙwaro, ita ma ta yi nata ƙwai. Ramin da kuke gani ƙofar fitarta ce. Ke nan mu da kanmu muke ɗauko ɓarawon daga gona zuwa gida.

To, ƙwaro numfashi yake yi kamar mu. In an hana shi iska, sai ya daina ci, ya mutu. Dabarar buhun PICS ke nan, wanda aka fara yaɗawa a Nijar a 2007, da aikin jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken INRAN na Maraɗi. Leda 2 ce mai kauri ciki, buhu 1 waje. A shanya wake ya bushe ƙarau, a sheƙe shi. A duba leda, in da huda ko ta bakin allura ce, ba ta da amfani. A zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. A aza buhun bisa katako, nesa da bango, saboda ɓera. Kuma kar uwargida ta riƙa kwancewa tana ɗibar na miya. Na ci a ware shi tun farko.

Wanda ba shi da kuɗin buhu, bido ko tano mai murfi yana yi, in an cika shi taf an toshe. Toka ma, ta kakanninmu, tana tsare wake kaɗan: tiya 1 ta wake, tiya 1 ta tankaɗaɗɗiyar toka.

Amma ƙwayar maganin nan mai hayaƙi da ake sayarwa a kasuwa, guba ce mai kashe mutum. Kar a sa ta cikin ɗakin da ake kwana.