Hakkin Mai Ɗinki a Wuyan Wa Yake?

   

Maganarmu ta yau a kan tufafi take, musamman waɗanda ake ɗinkawa a masana'anta a kai manyan kantuna. Idan maigida ya sayo wa yara rigunan gwanjo, ki juya wuyan riga ɗaya ki duba 'yar ƙyallen nan da ake maƙalawa a ciki. Sau da yawa za ki tarar da suna biyu. Na farko sunan kamfanin da ya sayar da rigar a Turai ko Amurka, na biyu kuma sunan ƙasar da aka ɗinka ta. Daga cikin sunayen da za ki fi cin karo da su akwai Bangladesh, wata ƙasa da ke maƙwabtaka da Indiya, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: idan wani abu ya sami macen da ta ɗinka rigar nan a can, hakkinta a wuyan wa yake?

Bari mu fara da yadda cinikin yake tafiya. Yawancin manyan kamfanonin tufafi ba su da keken ɗinki ko ɗaya nasu na kansu. Abin da suke yi shi ne su zana samfurin riga, su faɗi adadin da suke so da ranar da suke so, sannan su nemi mai masana'antar da zai ɗinka musu a farashi mafi sauƙi. Mai masana'anta ya karɓa. Idan aikin ya fi ƙarfinsa, sai ya yanka wani kaso ya ba wani, wanin ma ya ba wani. Ke da kike ɗinkin hula ko surfani a cikin gida kin san wannan tsari sarai. Mai kaya yana kasuwa, dillaliya ta kawo miki, ke ki zuba ido da baya ki yi aikin, kuma wanda zai sa hular bai san da zamanki ba. To haka abin yake a can, sai dai nasu ya ƙetare teku. A Bangladesh kimanin mutum miliyan 4 ne ke aikin ɗinki a masana'antu, fiye da rabinsu mata, kuma tufafi su ne fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke fitarwa waje.

A wani gari da ake kira Savar, kusa da Dhaka babban birnin ƙasar, akwai wani bene mai hawa 8 da ake ce wa Rana Plaza. A ƙasa akwai banki da shaguna, a sama kuma masana'antun ɗinki guda 5. Ranar 23 ga watan Afrilu na shekarar 2013 aka ga bango ya tsage, aka fitar da mutane. Banki da shaguna suka rufe. Washegari, ranar 24 ga wata, sai aka ce wa masu ɗinki su koma ciki, aka tsoratar da su cewa wanda ya ƙi shiga zai rasa albashinsa. A lokacin mafi ƙarancin albashin mai ɗinki taka 3,000 ne a wata, kuɗin ƙasarsu ke nan, wato kimanin dala 38. Macen da ke ciyar da 'ya'ya da iyaye da wannan ɗan kuɗi, ina za ta iya cewa a'a? Suka shiga. Da safen nan aka ɗauke wuta, aka tayar da manyan janaretoci da ke saman benen, ginin ya ɗau girgiza, kafin ƙarfe 9 ya rufta da mutanen da ke ciki.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutum 1,134 suka rasu, kimanin 2,500 suka ji rauni, wasu sai da aka yanke musu hannu ko ƙafa kafin a iya zaro su. Wata baiwar Allah mai suna Reshma kwana 17 ta yi a ƙarƙashin ɓaraguzai aka fito da ita da rai. Da aka yi bincike sai aka gano cewa an yi ginin ne don shaguna da ofisoshi, ba don nauyin injuna ba, kuma hawan da ke can sama an ƙara su ne ba da izini ba. Mai ginin, Sohel Rana, an kama shi bayan kwana 4 a kusa da iyakar Indiya.

Wannan kuwa ba shi ne na farko ba. Wata 5 kafin nan, a Nuwamban 2012, gobara ta tashi a masana'antar Tazreen a bayan garin Dhaka, mutum aƙalla 112 suka rasu saboda ba su sami hanyar fita ba. A cikin tokar aka tsinci kayan da aka ɗinka wa kamfanin Walmart na Amurka. Kamfanin ya ce shi bai ba da izinin a yi masa ɗinki a wurin ba, ɗan kwangila ne ya kai aikin a ɓoye. Kin ji irin amsar. Kowa ya nuna na ƙasa da shi, har a zo kan wadda ba ta da wanda za ta nuna.

Kada ki ɗauka kamfanonin ba su da ƙa'idoji a rubuce. Suna da su. Tun shekarun 1990 manyan kamfanoni suka fara fitar da takardun alkawari cewa ba za a sa yara aiki ba, ba za a zalunci ma'aikaci ba, za a kula da lafiyarsa, kuma suna tura masu duba musu masana'antu. Biyu daga cikin masana'antun Rana Plaza an taɓa kai musu irin wannan dubawa, amma ƙarfin ginin ba ya cikin abin da aka duba. Matsalar ita ce, alkawari ne da kamfani ya ɗaukar wa kansa da kansa. Idan ya cika, madalla. Idan ya saɓa, babu wanda zai kai shi gaban alƙali. Bugu da ƙari, bakin da ke cewa a kula da ma'aikata shi ne kuma ke cewa a rage farashi, a kawo kaya da wuri. Mai masana'anta kuwa ya san wace magana ce ke da kuɗi a bayanta.

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da duniya ta faɗa wa kamfanonin ke nan bayan ruftawar benen, domin an zaƙulo sunayensu daga cikin ƙasa a jikin riguna da takardun oda. Akwai Primark mai kantuna a Ingila, akwai Benetton na Italiya, akwai Joe Fresh na Kanada, da wasunsu. Masu saye suka yi ta zanga-zanga a ƙofar kantuna, ƙungiyoyin ƙwadago suka matsa lamba. A watan Mayun 2013 aka sa hannu a kan wata yarjejeniya ta kare masana'antun Bangladesh daga gobara da ruftawar gini. Kamfanin H&M na ƙasar Suwidin yana cikin na farko da suka amince, daga baya adadin ya haura kamfani 200.

Abin da ya bambanta wannan yarjejeniya da alkawuran baya abu huɗu ne, ina so ki riƙe su. Na ɗaya, ƙungiyoyin ma'aikata suna cikin masu sa hannu, kuma kamfanin da ya saɓa ana iya gurfanar da shi. Na biyu, injiniyoyin da ke duba gini da wayar wuta da hanyar fita ba yaran mai masana'anta ba ne. Na uku, abin da aka gano ana bayyana shi kowa ya gani. Na huɗu, ma'aikaciya tana da ikon ta ƙi shiga wurin da ta ga haɗari ba tare da an kore ta ba. An duba masana'antu fiye da 1,600, aka cire kwaɗuna daga ƙofofin fita, aka gyara wayoyin wuta, aka rufe wasu gine-ginen da ba su gyaruwa. Walmart da Gap sun ƙi shiga, suka kafa nasu tsarin dabam wanda ya kammala aikinsa a ƙarshen 2018. Ita kuwa yarjejeniyar an sabunta ta a 2021, a 2023 kuma aka faɗaɗa ta zuwa Pakistan, inda gobarar wata masana'anta a Karachi ta kashe fiye da mutum 250 a 2012.

Batun diyya ma sai da aka ja. An buɗe asusu ƙarƙashin jagorancin Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ana neman dala miliyan 30 don marayu da zawarawa da waɗanda suka nakasa. Sai a watan Yunin 2015 kuɗin suka cika, fiye da shekara 2 bayan abin ya faru. Shari'ar kisan kuwa, har aka cika shekara 10 a 2023 ba a yanke hukunci ba.

To, an gyara gini, amma an gyara ciki? A nan ne aikin ya rage. An ɗaga albashi zuwa taka 5,300 a ƙarshen 2013, sannan 8,000 a 2018. A 2023 ma'aikata suka fito suna neman 23,000 saboda tsadar abinci da haya, aka yi arangama har aka rasa rayuka, aka ba su 12,500. Haka kuma da annobar korona ta zo a 2020, kamfanoni suka soke odar kaya ta kimanin dala biliyan 3 daga Bangladesh, alhali wasu kayan an riga an yanka an ɗinka. Wasu sun dawo sun biya bayan an yi musu ca, wasu suka nemi ragi. Wannan ya nuna mana cewa inda aka ɗaure kamfani da doka an ga canji, inda aka bar shi da tausayinsa kuwa sai abin da Allah ya yi.

Wata za ta ce, to sai mu daina sayen kayan da aka ɗinka a can? A'a, 'yar'uwa. Wannan aiki shi ne abincin miliyoyin gidaje, ya sa mata da yawa sun tsaya da ƙafarsu, sun sa 'ya'yansu a makaranta. Idan aka daina saye, su za su fara kwana da yunwa. Abin da suke nema shi ne a biya su abin da zai riƙe su, kuma su koma gida da ransu.

Mu kuma da ke cikin gida, akwai rabonmu a wannan darasi, domin kusan kowacce a cikinmu ko dai tana karɓar aiki ko tana bayarwa. Idan ke ce mai karɓa, kina ɗinki ko saƙa ko surfani, kada ki sa allura sai an yanke farashi da ranar biya, kuma a yi maganar a gaban shaida, ko ki sa yaro ɗan makaranta ya rubuta. Ki sa maigida ko ɗanki ya tambayo miki nawa ake sayar da irin hular da kike ɗinkawa a kasuwa, don ki san abin da ke shiga tsakani. Kuma ku matan unguwa masu sana'a iri ɗaya ku haɗa baki a kan farashi, ko a wajen biki ko suna ne kuka haɗu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan kowacce tana karya farashin 'yar'uwarta, mai kaya ne kaɗai ke cin riba.

Idan kuma ke ce mai bayarwa, Hajiya, ki ji tsoron Allah a kan gumin mutane. Telar da kika kai wa ɗinki saura kwana 3 salla kika ce lallai sai ta gama, ki sani barcinta da idonta kika saya, ki biya daidai da haka. Mai wanki, mai kitso, yarinyar da ke taya ki aiki, kada ki ce su dawo gobe alhali kuɗin na ƙulle a bakin zaninki. Malamanmu sun sha ja mana kunne a kan nauyin jinkirta hakkin ma'aikaci. Wadda Allah ya buɗa wa har ta tara 'yan mata suna ɗinki a gidanta, ta duba wayar wuta, ta fitar da janareta waje nesa da taga saboda hayaƙinsa yana kisa, kuma kada ta kulle ƙofa da mutane a ciki don tsoron sata. Idan kin ba dillaliya aiki ta kai wa wata, ki tambaya nawa ne ya isa hannun wadda ta yi. Cewa ban sani ba ba ta fitar da manyan kamfanoni ba, mu ma ba za ta fitar da mu ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a wajen neman halal ɗinsu, ya ba iyalansu haƙuri. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu daga cin hakkin wani. A nan zan dakata, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum.