Kartarpur: wurin ibadar da ake hange daga ƙetare

 Yau ma daga Runka nake magana, amma hirar za ta kai mu Pakistan.

Kun san mutanen nan masu rawani da gemu da muke gani a finafinan Indiya? Mabiya addinin Sikh ke nan. Wanda ya kafa addinin, Guru Nanak, a wani gari Kartarpur ya yi shekarunsa na ƙarshe, wajen 18, yana noma yana koyarwa a bakin kogin Ravi. Can ya rasu a 1539, can kuma aka gina wurin ibadarsu, Darbar Sahib.

To, da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, sai wurin ya faɗa Pakistan, akasarin mabiyan kuma suna Indiya. Tsakanin wurin da iyaka kilomita huɗu ne da 'yan kai. Wallahi tafiyar da yaro zai yi a keke! Amma shekara da shekaru mutane suna zuwa Dera Baba Nanak, su hau dandamali, su ɗora ido a madubin hangen nesa, su kalli farar ƙubbar, su juya gida.

Sai ran 9 ga Nuwamba 2019 aka buɗe musu hanya ta musamman. Ba biza, ka riƙe fasfo, ka biya dala 20, ka shiga da safe ka fito kafin dare. An amince da mutum 5,000 a rana. A Mayun 2025 rikici ya sake tashi tsakanin ƙasashen biyu, Indiya ta dakatar da hanyar.

Me ya sa na ɗauko wannan? Saboda mu ma mun ɗanɗana. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakar Jibiya. Maraɗi fa Katsinawa ne, har yau sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa. A watannin nan gwaggona ta rasu a can. Babanmu ya je har Magama, aka ce ba wucewa. Wasu suka ce ya bi ta daji a babur, to kun dai san yadda dajinmu yake yanzu. Ya zauna bakin titi, ya kira waya, yana jin ana kabbarar sallar gawar ƙanwarsa. Da yamma ya hawo mota ya dawo.

Sai da aka buɗe iyaka a Maris 2024 ya samu ya je kabarinta. Ni na raka shi.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.