Jawabi: yadda Amurka ta soke takardar izinin rediyon masu jiragen shan iska

Zancen yau ya faru ne nesa da nan, a bakin tekunan Amurka da manyan tafkunanta. Amma ɗan kasuwar da ya taɓa yini a ƙofar ofis yana jiran sa hannu, da ma'aikacin da ke riƙe da hatimin, kowannensu zai gane inda maganar ta dosa.

A Amurka miliyoyin mutane suna da ƙananan jiragen ruwa waɗanda ba na sana'a ba ne, na shan iska ne da kamun kifi ranar hutu. Da yawansu suna ɗauke da rediyon oba-oba na zangon VHF, wanda ƙarfinsa bai wuce wat 25 ba. A cikin tashoshinsa akwai guda da duniya ta keɓe, wato tasha ta 16, a kan megahaz 156,8. Ita ce ta neman agaji, kuma rundunar tsaron gaɓar teku tana saurarenta dare da rana. Wanda jirginsa ya soma shan ruwa, nan yake kai kukansa.

Shekara da shekaru, doka ta wajabta wa mai irin wannan rediyo ya nemi takardar izini daga FCC, hukumar sadarwa ta tarayya. Zai cika takardu, ya biya kuɗi, a ba shi lambar kira wadda zai riƙa ambata in ya buɗe baki. A 1994 aka ƙara kuɗin, sai gunaguni ya yi yawa. Wasu suka ci gaba da magana ba takarda, wasu suka fita ruwa ba rediyo. Na biyun nan su ne abin tsoro, domin gudun biyan kuɗi ya sa mutum ya bar abin da zai ceci ransa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ranar 8 ga Fabrairu 1996 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan sabuwar dokar sadarwa, wadda ta ba FCC damar sauke wannan nauyi. A watan Oktoba na shekarar hukumar ta zartar cewa jirgin shan iska da ke yawo cikin ruwan ƙasar ba ya bukatar takarda domin rediyon VHF. Sauƙin bai haɗa da kowa ba. Jirgin da ke ɗaukar fasinja fiye da shida don kuɗi, da wanda zai je tashar wata ƙasa, da mai rediyon dogon zango, duk suna nan ƙarƙashin izini, wanda ke aiki shekara 10.

Matakin ya dace, domin takardar ba ta koya wa kowa yadda ake kiran agaji ba, kuɗi kawai take ci. Sai dai an yi asarar abu ɗaya da ba a yi saurin lura da shi ba. Da takarda ta tafi, lambar kira ta bi ta, hukuma kuwa ta daina sanin wa ke magana. Tasha ta 16 tamkar rijiyar gari ce: kowa na sha, kuma mutum ɗaya ya isa ya gurɓata ta. Mai hira da abokinsa a kanta yana iya danne muryar wanda ke nutsewa. Shi ya sa tun 1992 aka ware tasha ta 9 domin kiran yau da kullum. Kiran agaji na ƙarya kuwa har yanzu babban laifi ne, da ɗauri da tara da biyan kuɗin neman da aka yi a banza.

Abin da aka rasa a takarda sai aka nemo shi a na'ura. Ranar 1 ga Fabrairu 1999 tsarin agajin teku na duniya, GMDSS, ya kankama sosai, kuma daga wannan shekara sababbin samfuran rediyon da ake kafawa cikin jirgi a Amurka dole su zo da jan maɓalli na DSC. In an danna shi, rediyon zai aika saƙo ta tasha ta 70 ɗauke da lambar jirgin mai alƙaluma 9, wadda ake kira MMSI. Alƙaluma ukun farko suna nuna ƙasa, har Nijar da ba ta da teku tana da nata, 656. In rediyon na haɗe da GPS, saƙon zai faɗi inda jirgin yake.

Ga inda gizo ke saƙa. Neman lambar ganin dama ne, ƙungiyoyin masu jiragen ma kamar BoatUS suna ba da ita ga mai yawo cikin gida, amma mutane da yawa ba su damu ba. Rundunar tsaron gaɓar teku ta sha kokawa cewa yawancin saƙonnin DSC da ke iso mata ba su nuna wuri, da yawa kuma ba su da lambar da aka yi wa rajista. Ƙararrawa ta kaɗa, ba a san mai ita ba, ba a san inda za a nufa ba.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. Kanada ta soke takardar jirgi a 1999 ga masu yawo cikin ruwanta, amma ta bar jarrabawa a kan mai riƙe da rediyon. Ingila kuwa ta bar takardar, sai dai tun 2006 kyauta ake samun ta ta intanet, kuma mai magana sai ya ci jarrabawa kafin a yarda ya yi aiki da rediyon.