Ziyarar Kufan Surame, Birnin Da Aka Gina Da Dutse

Jawabi ga jama'ar Gwarzo da Kabo



Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san kufai. Wuri ne da mutane suka zauna, daga baya suka tashi, suka bar kuka da tsamiya da tsingaro. Wani lokaci manomi yana huɗa, garma ta tono masa wuyan tulu. Sai ya jefar, ya ci gaba da aikinsa. To, akwai ƙasar da kufai ya zama mata gonar da take ci duk shekara.

Sunan ƙasar Peru. Tana Kudancin Amurka, can bayan teku. A kan duwatsunta akwai wani tsohon gari mai suna Macu Picu. Wata al'umma da ake kira Inka ce ta gina shi, wajen shekarar 1450. Watau kusan zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ke nan, wanda ya hau sarauta a 1463. Garin yana bisa tsauni, sama da mita 2,400 daga bakin teku. Da safe girgije yakan rufe shi ruf.

Maginan Inka sun sassaƙa manyan duwatsu, suka jera su ba laka ba siminti. A muhimman ɗakunan, ko bakin wuƙa ba ya shiga tsakanin dutse da dutse. Sun kuma yanka gefen tsaunin hawa-hawa, kamar matakala, suna shuka masara, don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Bayan kamar shekara 100 mutanen suka watse, daji ya rufe garin. Sai a 1911 wani Ba'amurke, Hiram Bingham, ya isa wurin. Shi ma ba da kansa ya gano shi ba, manoman wurin ne suka kai shi. Yanzu mutum fiye da miliyan ɗaya kan je kallo a shekara. Har hukuma ta ƙayyade yawan masu shiga a kowace rana.

To jama'a, ba sai an hau jirgin sama ba kafin a ga garin dutse. Ƙasar Hausa tana da nata. Sunansa Surame, yana cikin Jihar Sakkwato, a yankin Binji, yamma da birnin Sakkwato.

Muhammadu Kanta ne ya kafa shi, Sarkin Kabi na farko. Da can Kanta jarumi ne da ke yaƙi tare da Askiya, Sarkin Songai. Bayan yaƙin Agadas sai suka saɓa a kan rabon ganima. Wajen 1516 Kanta ya ɓalle, ya kafa tasa daula. Wanda ya yi wa babban sarki tawaye kuwa ya san ba zai yi barci a bayan danga ba. Shi ya sa ya yi wa birninsa ganuwar da ba a saba gani ba.

Ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ta ƙasa ce. Ta Surame kuwa duwatsu aka jera, aka ɗaure su da laka. Ku yi tunanin aikin. Babu tifa, babu katafila. Sai kan mutum da bayan jaki da na raƙumi. Masu ba da labari suna cewa har Asbinawa Kanta ya tilasta wa kawo ruwan gini daga ƙasarsu. Ko da an ƙara wa labarin gishiri, ya nuna irin ƙarfin da mutane suka ga sarkin yana da shi. Rundunar Barno ma ta zo ta kewaye birnin, ta koma ba ta ci shi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarin Kanta a littafinsa Infakul Maisuri.

Surame ta yi kusan shekara 200 tana zaman hedkwatar Kabi. Bayan 1700 da kaɗan aka bar ta, sarauta ta koma Birnin Kabi, daga baya kuma Argungu.

Wanda ya je yau ba zai ga gida mai rufi ba. Zai ga ragowar ganuwa tana miƙe cikin daji, wani wuri a tsaye, wani wuri ta zube. Zai ga harsashin gidaje, da tsofaffin rijiyoyi, da tsingaro birjik. Gwamnatin Nijeriya ta sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964. A 2007 aka rubuta sunansa cikin waɗanda ake nema wa shiga jerin kayan tarihi na duniya. Macu Picu ya shiga wannan jeri tun 1983. Maganar gaskiya, ginin Inka ya fi kyan sassaƙa. Amma babban bambancin shi ne, can akwai mai gadi, da hanya, da mai gyara. Nan kuwa akwai 'yan Sakkwato da yawa da ba su taɓa taka Surame ba.

Mai niyyar zuwa daga nan zai bi ta Dayi, Malumfashi, Funtuwa, Gusau, sannan Sakkwato. Tafiya ce ta yini guda. Amma a shekarun nan 'yan bindiga sun addabi wannan hanya da wasu ƙauyukan Sakkwato. Don haka kada kowa ya tashi sai ya tambayi hukuma da direbobin tasha halin da ake ciki. In an ce a dakata, a dakata. Surame ta jira shekara 300, za ta ƙara jira.

In hanya ta yi kyau, lokacin sanyi ya fi, bayan ciyawa ta bushe. A riƙe ruwan sha, a sa takalmi mai rufi saboda ƙaya da maciji. A fara gaida mai gari, a nemi ɗan jagora. Kada a hau kan bango, kada a ɗauko dutse ko ɗaya a ce tsaraba. In mutum dubu suka ɗauki ɗai-ɗai, bango ya tafi.

Wannan magana ta ƙarshe ba ta tsaya a Surame ba. Yammacin Kano ma tsohuwar ƙasa ce. Sunayen Godiya da Ƙaraye suna cikin tsohon littafin tarihin sarakunan Kano. A garuruwa da yawa, ganuwa ba yaƙi ne ya cinye ta ba. Masu ɗibar ƙasar gini ne da masu faɗaɗa gona, kwando-kwando, kunya-kunya. Tsohuwar karofi kuma a mayar da ita juji.

Saboda haka wanda garmarsa ta tono tukunya, ko kashin tama na maƙeran da, ko wani abin da bai gane ba, kada ya fasa, kada ya sayar wa ɗan kamasho. Ya bar shi inda yake, ya gaya wa mai unguwa, maganar ta kai ga dagaci da hakimi. Su kuma su sanar da ma'aikatan Gidan Makama da ke Kano, kusa da fadar Sarki. Kuɗin mota daga Gwarzo ko Kabo bai kai na Sakkwato ba, kuma ana shiga kallo da yara.