SANIN ALLAH DA ZAƁIN BAWA: SHIN ƘADDARA HUJJA CE GA MAI SAƁO?

(Matanin laccar da aka gabatar a garin Likoro, ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna.)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda iliminSa ya kewaye komai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku iyayena da malamaina da 'yan'uwana, tambayar da aka nemi in yi bayani a kanta ita ce: tun da Allah Ya san abin da bawa zai aikata tun kafin Ya halicce shi, har Ya rubuta, to ina zaɓin bawa yake? In kuwa ba shi da zaɓi, da wane dalili za a yi masa hisabi?

Kada wani ya ɗauka wannan mas'ala ta ɗaliban jami'a ce kawai. Kullum muna jin ta a kasuwa da gona da zaman makoki. Mutum ya bar salla, a yi masa nasiha, ya ce Allah bai nufe shi da shiriya ba tukuna. Direba ya cika mota fiye da ƙima, ga taya ta suɗe, ya zuba gudu a hanyar Zariya zuwa Kano, in an yi magana ya ce wanda kwanansa bai ƙare ba ba zai mutu ba. Magidanci ya bar matarsa tana naƙuda kwana biyu a ɗaki, in ta cika ya ce ƙaddara ta riga fata. Ashe mas'ala ce da ta shafi imani, ta shafi rayuka.

MATAKAN IMANI DA ƘADDARA

Imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, shi ne rukuni na shida a hadisin Jibrilu. Duk wanda ya karanta muƙaddimar Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani (ya rasu 386 B.H.) a zaure ya haɗu da shi. Malaman Sunna sun kasa shi mataki huɗu:

1. Ilimi: Allah Ya san komai tun azal, a dunƙule da a rarrabe.
2. Rubutu: Ya rubuta shi a Lauhul Mahfuzu. Hadisin Muslim ya nuna an rubuta ƙaddarorin halittu da shekara 50,000 kafin halittar sammai da ƙasa.
3. Nufi: babu abin da ke aukuwa a mulkinSa ba da nufinSa ba.
4. Halitta: Shi ne Mahaliccin bawa da ikonsa da ayyukansa.

ƁANGARORI BIYU DA SUKA KAUCE

Tun a ƙarshen zamanin sahabbai aka fara wannan jayayya. Ma'abad Aljuhani ya bayyana a Basra yana cewa babu ƙaddara, wai Allah ba Ya sanin aikin bawa sai bayan ya auku. Yahya bin Ya'amar da Humaid bin Abdurrahman suka kai maganar ga Abdullahi bin Umar (R.A.), ya barranta daga masu wannan ra'ayi, sannan ya karanta musu hadisin Jibrilu. Da wannan ƙissa ce Imamu Muslim ya buɗe Kitabul Imani a SahihinSa. Waɗannan su ne Ƙadariyya, kuma Gailan Addimashƙi ya ci gaba da yaɗa ra'ayin har aka kashe shi a zamanin Hisham bin Abdulmalik. Sun so su tsarkake Allah daga zalunci, sai suka jingina maSa jahilci.

A ɗaya gefen kuma Jaham bin Safwan (an kashe shi 128 B.H.) ya ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, tamkar ganye ne da iska ke juyawa. Waɗannan su ne Jabriyya. Sun so su girmama ikon Allah, sai suka mayar da aiko Manzanni da saukar da Littattafai aikin banza.

Ku lura, 'yan'uwa, ɓangarorin biyu tushen kurensu ɗaya ne. Dukkansu sun ɗauka cewa sanin Allah da zaɓin bawa ba sa haɗuwa, dole a jefar da ɗaya. Ahlus Sunna suka ce wannan tushen shi ne ɓatacce. Ko a wajen Musulunci an yi wannan muhawara: malamin Kirista Agustin, mutumin Arewacin Afirka (ya mutu a shekarar 430 Miladiyya), ya yi rubutu yana kare cewa sanin Ubangiji ba ya kore zaɓin ɗan Adam.

SANI DABAN, TILAS DABAN

Hujja ta farko. Sanin abu ba shi ne ke haddasa shi ba. Husufin ranar da aka yi ranar 29 ga Maris 2006, wanda aka gani a arewacin Nijeriya, masana sun sanar da lokacinsa tun kafin ya zo, amma ba wanda ya ce saninsu ne ya rufe rana. Wannan misali ne na kusantar da fahimta kawai, domin ilimin bayi kirdado ne da lissafi, ilimin Allah kuwa cikakke ne, ba ya kure.

Wani zai ce: in Allah Ya san zan yi sata gobe, ai ba makawa sai na yi. Amsa ita ce: me Allah Ya sani? Ya san cewa za ka yi sata da ganin damarka, bayan an yi maka gargaɗi, alhali kana da ikon bari. Zaɓin naka yana cikin abin da Ya sani. Da a ce tilasta ka aka yi, da abin da ya auku ya saɓa wa abin da Ya sani. Ashe ilimin Allah tabbatar da zaɓinka yake yi.

Hujja ta biyu. Kowa yana jin bambanci a jikinsa tsakanin hannun da ke karkarwa saboda zazzaɓi da hannun da aka ɗaga don a mari wani. Ba a hukunta mai zazzaɓi, ana hukunta mai mari. A kan wannan bambanci Shari'a ta ginu: an ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da mahaukaci, kuma aya ta 106 ta Suratun Nahli ta yi uzuri ga wanda aka tilasta ya furta kalmar kafirci alhali zuciyarsa na natse da imani, kamar yadda ya faru ga Ammar bin Yasir (R.A.). Da kowa tilastacce ne, ina ma'anar keɓe wanda aka tilasta?

Hujja ta uku. Ayoyi biyu na ƙarshen Suratut Takwir sun tabbatar wa bawa nufi, sannan suka sanya nufinsa a ƙarƙashin nufin Ubangijin talikai. Allah ne Ya halicci bawa, Ya halitta masa hankali da iko da ganin dama. Bawa kuma shi ne mai salla, shi ne mai sata, a haƙiƙa. Sannan aukuwar abu da nufin Allah ba ta nuna Yana son sa. Kafirci na aukuwa da nufinSa na gudanar da halitta, amma bai yarda da shi ba, bai yi umurni da shi ba. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751 B.H.) ya faɗaɗa wannan a littafinsa Shifa'ul Alil. Abin da ya wuce nan na yadda ikon Mahalicci ke haɗuwa da aikin bawa sirri ne da ba a ɗora mana tono shi ba.

Hujja ta huɗu. Wa ya leƙa Lauhul Mahfuzu kafin ya yi aiki? Mai barin salla bai ga inda aka rubuta masa bari ba. Son zuciyarsa ya bi, daga baya ya laƙaba wa ƙaddara. Me ya hana shi ƙaddara cewa an rubuta shi cikin masu salla, ya tashi ya yi alwala? Aya ta 148 ta Suratul An'am ta kawo irin wannan hujja daga bakin mushrikai, ta ƙaryata su, ta nemi su fito da ilimin da suke da shi.

YADDA SAHABBAI SUKA FAHIMTA

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Aliyu (R.A.) cewa a wata jana'iza a Baƙi'a Annabi (S.A.W.) ya sanar da su an riga an rubuta makomar kowa. Suka tambaya ko su dogara ga rubutun su bar aiki. Ya umurce su da su yi aiki, domin kowa ana sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa, sannan ya karanta ayoyi daga Suratul Laili. Shi kansa a hijirarsa ya ɓuya kwana uku a kogon Saur, ya ɗauki ɗan jagora, ya sa sulke biyu ranar Uhudu, ya haƙa ganuwa a yaƙin Ahzab. Wa ya fi shi tawakkali?

Da Umar (R.A.) ya nufi Sham ya isa Sarag, sai labarin annoba ya iske shi. Bayan shawara ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da mai raƙuman da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai su kiwo, da ƙaddarar Allah ya kai su. Sai Abdurrahman bin Auf (R.A.) ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take da fita daga cikinsa don gudu.

DARASI GARE MU

Ƙa'idar da Ibn Taimiyya (ya rasu 728 B.H.) ya fitar daga hadisin muhawarar Annabi Adamu da Annabi Musa (A.S.) ita ce: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Musiba haƙuri take bukata, laifi kuwa tuba.

Mu a wannan yanki manoma ne, mun fi kowa sanin wannan. Wa ya taɓa ganin manomin rake a Makarfi ko Kudan ya ƙi dasawa, ya ƙi ban ruwa, ya ce in an rubuta masa mazarƙwaila za ta zo? A shekarar 2016 da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a jihar Kaduna, wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya yi asara, wannan musiba ce, imani da ƙaddara ne zai sanyaya masa zuciya. Amma ba wanda ya daina noma saboda haka. Kuma in ɓarawo ya shiga rumbunka ya ce ƙaddara ce ta kawo shi, za ka sake shi? To don me muke aiki da hankali a lamarin gona, mu koma Jabriyya a lamarin Lahira?

Haka lamarin lafiya. Annobar sanƙarau ta shekarar 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, akasari a nan Arewa. Waɗanda suka rasu ajalinsu ne ya zo, Allah Ya jiƙansu. Amma uban da ya ga wuyan ɗansa ya sanƙare ya ƙi kai shi asibiti, za a tambaye shi a kan sakacinsa, domin neman magani umurni ne na Annabi (S.A.W.), kuma magani yana cikin ƙaddara. Haka direba, haka mijin mai naƙuda. Ajali na Allah ne, amana kuwa a wuyanka take.

A ƙarshe, 'yan'uwa, kafin aiki ku dubi umurni da hani, ku riƙi sababi, ku nemi taimakon Allah. Bayan aiki, in alheri ne ku gode maSa, domin Shi Ya datar da ku. In saɓo ne ku tuba tun ƙofa na buɗe. In musiba ce ku yi haƙuri ku sallama. Allah Ya tabbatar da mu a kan Sunna, Ya sa mu cika da imani.